Na Wani Ganganci, Namu Ƙaddara

A daren Talata, 15 ga Oktoba 2024, wata tankar fetur da ta taso daga Kano za ta Nguru ta ƙwace wa direbanta a garin Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura ta Jihar Jigawa, ta kife a bakin hanya. Mai ya malale, ya bi magudanar ruwa. Kafin a ce me, jama'a sun fito da bokitai da jarkoki da robobi suna ɗiba, sai wuta ta tashi. A kwanakin farko an ƙirga fiye da mutum 150 da suka rasu, adadin kuma ya ci gaba da hawa yayin da waɗanda suka ƙone suke cikawa a asibitoci. Wata uku bayan nan, ranar 18 ga Janairu 2025, irin wannan ta sake faruwa a mararrabar Dikko ta Jihar Neja, ta ci fiye da mutum 80. A Yamai ma an taɓa gani, cikin watan Mayu 2019, kusa da filin jirgin sama, inda aƙalla mutum 55 suka halaka nan take. Allah Ya ji ƙansu.

Duk lokacin da aka yi irin wannan rashi, bayan salati da addu'a, magana ɗaya ce take biyo baya a majalisa da teburin mai shayi da Facebook: “Wai su ba su da hankali ne?” Wani ya ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Wani ya rantse ko zinariya ce take malala ba za ka gan shi a wurin ba. Ban ce sun yi ƙarya ba. Kusantar tankar da ta faɗi ganganci ne babba, kuma dole a faɗa da babbar murya. Abin da yake damuna shi ne yadda mai maganar yake tashi daga majalisar da natsuwar zuciya, ya tafi gida ya yi abin da bai fi ƙarfin a kira shi ganganci ba.

Mu bi shi gidan. An ɗauke wuta bayan isha'i. Ya shiga lungun da ke tsakanin kicin da ɗakin yara, inda jarkar fetur take ajiye, wadda ya saya a wurin 'yan bumburutu aka toshe bakinta da leda. Janareta ya soma shaƙewa, alamar mai ya kusa ƙarewa, shi kuma ba ya son a katse masa kallon ƙwallo, don haka bai kashe ba. Ya buɗe murfin tankin injin yana ruri da zafinsa, ya kafa mazurari, ya kira yaro ya riƙe masa fitilar waya, ya shiga tsiyayawa. Taku huɗu daga nan uwargida tana fifita kurfoti. Da dare ya tsala, don tsoron ɓarayi, sai a jawo janaretan cikin baranda a rufe ƙofa.

Abin da ya kashe mutanen Majiya yana nan tsaye a wannan lungu. Tururin fetur ne yake kamawa da wuta, kuma tururin ya fi iska nauyi, shi ya sa yake kwanciya ƙasa ya bi kwata da rami da ƙarƙashin ƙofa har ya riski wuta a inda take. Ko a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili fetur yana fitar da tururin da zai iya kamawa, balle a zafin ƙasarmu. Tartsatsi ɗaya ya isa. Rahotannin da suka fito daga Dikko sun nuna cewa janareta aka tayar don a zuƙe man daga tankar da ta faɗi zuwa wata. Hayaƙin janareta kuwa, da na gawayin da ake kwana da shi a kasko cikin rufaffen ɗaki lokacin hunturu, yana ɗauke da iskar gubar da ba ta da wari ba ta da launi, wadda take kama jini fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau ɗari biyu da ɗoriya. Shi ya sa ake wayar gari a fasa ƙofa a tarar da iyali guda sun tafi cikin barci. Idan hakan ta faru a unguwarmu, me muke cewa? Kwana ya ƙare. Ba mai tsayawa a wurin zaman makoki ya tambayi inda aka ajiye janareta.

Hausawa sun riga sun gano wannan hali da suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Masana halayyar ɗan Adam sun bi diddigin yadda tudun yake ɓoye kansa. A 1971 wasu masana biyu a Amurka, Edward Jones da Richard Nisbett, suka yi bayanin cewa mutum yakan fassara abin da ya aikata da halin da ya tsinci kansa a ciki, abin da wani ya aikata kuwa sai ya jingina shi ga ɗabi'ar mai shi. Ni na zuba mai a injin da ke aiki saboda ina sauri, saboda babu wuta, saboda yara suna jin zafi. Shi kuwa ya je ɗibar mai saboda shi makwaɗaici ne. Dalilaina ina ganinsu daga ciki, nasa ba na ganin komai sai bokitin da ke hannunsa.

To bari mu leƙa cikin nasa. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. A watan da aka yi gobarar Majiya ta kai wajen naira 1,000. Jarka ɗaya mai lita 25 ta zama naira 25,000 ke nan, fiye da kashi ɗaya bisa uku na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024, albashin da manomi da ɗan acaɓa da mai ga-ruwa ba su ma san da shi ba. Magidancin da ya kwana bai san abin da za a ɗora a murhu gobe ba, ya ji ihu cewa ga mai yana zuba a kwata, ya leƙo ya ga maƙwabtansa suna dawowa da bokitai cike, lafiya ƙalau. Lissafin da ya yi a wannan minti kuskure ne, amma lissafi ne, kuma irinsa muke yi kullum: wasu sun yi sun tsira, ni ma zan yi sauri in fita. Ban da haka, wutar ba ta tantance wanda ya zo ɗiba da wanda ya zo kallo, ko uban da ya zo janye ɗansa.

Akwai kuma sha'anin sabo. Abin da ka yi sau ɗari ba abin da ya same ka, zuciya takan cire shi daga jerin haɗurra gaba ɗaya. Dubi babur da safe a kan hanyar makaranta: yaro ɗaya a kan tanki ya riƙe madubi, biyu a matse a bayan mahaifinsu, uwa a can ƙarshe da goyo, gefen hijabinta yana lilo kusa da sarƙa, ba wanda yake da hular kwano. Uban nan yana son 'ya'yansa kamar ransa. Da za ka ce masa yana wasa da rayukansu, sai ya ji ka zage shi, domin shi ya san hannunsa. Kowa ma ya san hannunsa. A 1981 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Ola Svenson, ya tambayi ɗalibai masu tuƙi yadda suke ganin ƙwarewarsu. Kashi 93 cikin ɗari na Amurkawan da ya tambaya, da kashi 69 na 'yan Suwidin, suka sa kansu a cikin rabin da ya fi iya tuƙi. Lissafi ba zai yarda da haka ba, amma zuciya ta yarda. Tun kafin nan, a 1969, injiniya Chauncey Starr ya ƙiyasta cewa mutane sukan haƙura da haɗarin da suka zaɓa da kansu ko da ya ninka wanda aka ɗora musu har kusan sau dubu. Muddin sitiyari yana hannunka, gani kake ajali ma sai ya yi sallama.

Da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano a ranar 1 ga Janairu 2009, an ga 'yan acaɓa a wasu garuruwa sun kifa ƙwarya ko tukunya a ka don su wuce jami'ai. Fasinjoji suka ƙi hular saboda tsoron cutar fata, wasu saboda tsoron asiri. An ji tsoron abin da ba a gani ba, aka raina kwaltar da ake gani kullum tana fasa kawuna. Yau dokar ta zama tarihi a yawancin garuruwanmu, bel ɗin mota kuwa sai an hango jami'i ake jawo shi a rataya.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun ce haɗurran hanya suna kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, wato fiye da 3,000 a kowace rana, su ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma nahiyar Afirka ce ta fi kowa yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Hayaƙin girki da itace da gawayi da kananzir a cikin gida, in ji hukumar, ya yi sanadin mutuwar kimanin mutum miliyan 3.2 a 2020. Waɗannan ba sa zama babban labari, saboda ɗaiɗai suke ɗauka: mutum biyu a hanyar Zariya, tsohuwa mai tari a ƙauye, jariri mai ciwon haƙarƙari. Paul Slovic, wanda ya shafe shekaru yana nazarin yadda mutane suke auna haɗari, ya nuna cewa mun fi razana da abin da yake kashe jama'a da yawa a lokaci guda cikin yanayi mai ban tsoro. Wannan razana takan kai mutum ga abin da ya fi muni. Bayan harin 11 ga Satumba 2001, Amurkawa da yawa suka guje wa jirgin sama suka koma tafiya a mota, kuma masanin nan na Jamus, Gerd Gigerenzer, ya ƙiyasta cewa an samu ƙarin mutuwar kimanin mutum 1,500 a kan hanyoyi cikin shekarar da ta biyo baya.

Kada a fahimce ni a baibai. Haɗurra ba ɗaya ba ne. Tsayuwar minti biyar cikin tafkin fetur ta fi hawan babur sau ɗaya ba hula haɗari nesa ba kusa ba, kuma wanda ya ce duk ɗaya ne ya cuci masu sauraronsa. Sai dai tankar ba kullum take faɗuwa a ƙofar gidanka ba, babur kuwa kullum sai ka hau, jarka kullum tana bayan ƙofa. Ƙaramin haɗarin da ake maimaitawa safe da yamma shekara da shekaru yana taruwa.

Wurin da abin ya fi yi mini ciwo shi ne yadda muke rabon ƙaddara. A ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgin ruwa ya kife a Bagwai ta Jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Maulidi. Jirgin ya ɗauki fiye da ƙima. Muka yi kuka, muka yi wa iyayensu ta'aziyya, ba wanda ya ce musu sun yi ganganci, kuma haka ya dace. Mun gane cewa mutanen da ba su da wata hanya sai ruwa, ba su da wani jirgi sai wanda ya zo, za su shiga ko da ya cika. Me ya hana mu yi wa mamatan Majiya da Dikko irin wannan adalci? Imani da ƙaddara ya hau kan kowa, haka ma umarnin kiyaye rai da riƙo da sababi. Mu kuwa sai mu ɗauki na farko mu lulluɓe namu da shi, mu ɗauki na biyu mu doki na wasu.

Wannan zargi yana da wata illar da ba a cika lura da ita ba. Muddin baki ya tsaya a kan mai bokiti, an sallami sauran. Wa ya ɗora wa tankar kaya, lafiyar birkinta fa, awa nawa direban ya yi bai runtsa ba, ramukan da ke hanyar na wane ne, kuma ina motar kashe gobara mafi kusa take? Me ya sa man da ya kamata ya bi bututu ko jirgin ƙasa yake ratsa tsakiyar garuruwa a kan tayoyi, daga kudancin ƙasa har iyakar Nijar? Sai bayan Dikko hukumar da ke kula da rarraba man fetur ta hana lodin tankoki masu ɗaukar lita 60,000 daga 1 ga Maris 2025. Mataki ne mai kyau, amma ya zo bayan an cika kaburbura.

Tsakanin faɗuwar tanka da tashin wuta yawanci akwai tazara, wani lokacin ta mintuna masu yawa. Wannan tazara ita ce wurin aiki. 'Yan sanda kaɗan ba za su iya tare gari guda ba, amma mai unguwa da liman da shugaban 'yan acaɓa da na 'yan tasha za su iya, idan an riga an zauna da su an yi musu bayanin yadda tururin yake tafiya, aka kuma amince cewa lasifikar masallaci za ta yi shela nan take. Garuruwan da ke kan manyan hanyoyin tankoki sanannu ne, daga Suleja zuwa Kaduna, daga Kano zuwa Haɗeja da Nguru, ba sai an yi dogon bincike ba. Bayanin da za a kai musu kuma ya haɗa da jarkar da ke bayan ƙofa da janaretan baranda da kaskon hunturu, a yi shi a huɗubar Juma'a da rediyo da makarantun Islamiyya tun kafin sanyi ya shigo.