Yadda Matan Abuja Ke Sa Kaza Guda Ta Kwana Uku A Tukunya

Daga wakilinmu na Arewa

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya tashi, masara da waken suya da ake haɗa abincin kaji su ma suka bi sahu. Yanzu a Abuja ƙaramin ma'aikaci kan yi shawara da aljihunsa kafin ya nufi layin masu kaji a kasuwar Wuse ko Utako. Na san ku ma 'yan'uwanmu mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Badun haka abin yake, shi ya sa na ga ya kamata in ba ku labarin dabarar matan nan.

Ba sa sayen kazar turawa mai mako shida ko takwas. Tana da tsoka, amma ƙashinta ba ya ba da romo, zama ɗaya yara sun gama da ita. Abin da suke nema shi ne tsohuwar kazar gidan gona wadda ta gaji da ƙwai. Tauri gare ta, sai ta yi sa'a guda ko fiye a wuta, amma romonta ya kusa na kazar Hausa, ga shi ba ta narkewa a miya.

A ranar farko wuya da fiffike da ƙafafu da hanta da ƙundu su ne farfesu, da citta da masoro da kanumfari da daddawa. Ba a shanye romon duka, a rage na miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa ta dare. Cinyoyi a soya su ƙarau, saboda ba a dogara da wutar lantarki, gobe a jefa a dafa-duka. Ƙirjin kuwa, wanda yara ke rainawa, a tafasa, a daka a turmi, a soya da yaji ya zama dambu. Shi kan ya daɗe bai lalace ba, in dai maigida bai gano inda aka ɓoye ba.

Daskararrun kajin nan kuma da ake shigo da su ta iyakar Seme, gwamnati ta hana shigo da su, kuma ba ka san wanda ya yanka ba, balle kwanakin da suka yi a hanya. Gara ka sayi mai rai, a yanka a fige a gabanka, ka kuma tabbata yaron mai figa ya ba ka ƙundunka.