Kirdado Kafin A Taɓa Kalkuleta

Malamai da 'yan kasuwa na ƙasar Haɗeja, tun daga Auyo har Guri, ina so mu yi magana kan lissafin ka, domin na ga yana neman kuɓuce mana.

Da kakar bara wani tsohon almajirina ya sayar da shinkafa shanshera buhu 18, kowane buhu naira 45,000. Ya zaro waya ya danna, ta ce masa 81,000. Har ya buɗe baki zai faɗa, sai wani dattijo mai awo da ke gefe ya ce, "Yaro, dakata. Buhu 20 ai 900,000 ne, cire kuɗin biyu, saura 810,000." Ashe sifiri ɗaya yatsansa ya tsallake. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, abin da aka ba ta shi ta mayar. Aibin yana wurin wanda ya ga kuɗin da bai kai na buhu biyu ba, zuciyarsa kuwa ba ta yi gardama ba.

Iyayenmu sun yi ciniki da kuɗin da ya fi namu wuya. Kwabo 12 ke sule, sule 20 ke fam, watau fam ɗaya kwabo 240, har ranar 1 ga Janairu 1973 da naira ta shigo, fam ya zama naira biyu. Kafin su kuma an yi zamanin wuri, keso guda 20,000. Duk da ka suka yi shi.

Malamai kuwa, wannan gadonku ne. An ruwaito cewa an tambayi Sayyidina Aliyu yana kan mumbari game da mamacin da ya bar mata da 'ya'ya mata biyu da uwa da uba. Nan take ya ba da amsa cewa sumunin matar ya koma tusu'i, domin asalin mas'alar 24 ne, ta yi auli zuwa 27, rabonta 3. Kintace ma yana da asali: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kan aiki Abdullahi ɗan Rawaha Haibara ya kintaci dabino tun yana bisa itace.

To, ku dubi zakkar fadamarmu. Nisabi wusuƙi 5 ne, sa'i 300 ke nan, ko mudun Nabiyyi 1,200. Shinkafar da ruwan sama ko ambaliyar kogi ta shayar, ushiri ake fitarwa. Ta rani da aka shayar da inji, ana sayen mai, rabin ushiri. Mai buhu 70 zai ba da 7 a ta farko, 3 da rabi a ta biyu. Wace na'ura ta san da wane ruwa aka shayar da gona? Wacce ta san mudun kasuwa ba mudun Nabiyyi ba ne?

Ban ce a jefar da kalkuleta ba, ni ma ina da ita, kuma in gado ya yi munasaha ina dubawa da ita. Sai dai na fara kirdadon amsa tukuna, sa'an nan in danna, in sun saɓa in sake. A makarantata, ran Laraba da la'asar bayan an jingine alluna, na kan jefa wa manyan almajirai tambaya uku ta ciniki, ba alƙalami ba waya. Makon jiya na ce kwandon bandar kifi 12 a kan naira 27,500. Ƙaraminsu ne ya riga kowa cewa 330,000.