GIDAJE SABABBI A PECKHAM: INA MAKOMAR ƊAN KASUWA?

Jama'a, maganar da ta fi damun mutanenmu a Peckham ita ce maganar muhalli, don haka muka ga ya kamata mu warware wa dattawa da 'yan kasuwa asalin al'amarin.

A shekarar 2021 Magajin Garin Landan, Sadiq Khan, ya fitar da babban tsarin birnin, inda aka yanke a gina gidaje 522,870 cikin shekara goma. Aka raba wa kowace gunduma nata kason. Gundumarmu ta Southwark, wadda Peckham ke cikinta, aka ɗora mata 23,550, watau gida 2,355 kowace shekara. Sa'an nan a ƙarshen 2024 Gwamnatin Ingila ta sake lissafi, ta ce Landan tana bukatar wajen gida 88,000 a shekara.

To, ina filin? Southwark ba ta da jeji. Kogin Tems ya tare ta daga arewa, sauran sassa kuwa maƙwabta sun kewaye ta, ko'ina gini ne. Saboda haka ba a samun wurin sabon gida sai an rushe tsoho, a tayar da bene mai tsawo a gurbinsa. Idon magina kuwa yana kan tsofaffin gidajen Majalisa, da kasuwanni, da wuraren ajiye motoci.

Har wa yau akwai wata ƙa'ida. In gunduma ta kasa cika kashi 75 cikin ɗari na abin da aka ɗora mata, sai hannunta ya yi rauni wajen hana magina izini. Dokar Southwark ta ce cikin manyan gine-gine a ware aƙalla kashi 35 cikin ɗari don masu ƙaramin ƙarfi, amma an bar wa kamfani ƙofa ya kawo lissafi ya nuna ribarsa ba ta kai ba, a rage masa.

Mun ga yadda aka yi a Elephant and Castle. Tsakanin 2011 da 2014 aka rushe rukunin Heygate mai gida wajen 1,200. Cikin sababbin da aka gina, waɗanda aka sa wa haya irin ta Majalisa ba su kai ɗari ba. Kasuwar wurin kuwa, tun buɗe ta a 1965 ta yi shekara 55 tana ci, sai a Satumban 2020 aka kulle ta, masu tebur da yawa suka rasa wurin zama. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ga shi abin ya iso Rye Lane. Kamfanin Berkeley ya nemi izinin rushe kasuwar Aylesham, ya gina gidaje 867, wani benen har hawa 20. Da fari ya yi alkawarin kashi 35, amma a ƙarshen 2024 ya mai da shi kashi 12, watau gida 77 kacal. A 2025 kwamitin Majalisar Southwark ya ƙi amincewa, kamfanin kuwa ya riga ya kai ƙara gaban mai binciken Gwamnati.

Mu ba mu ƙin gini. Mun san iyalai nawa ke cushe cikin ɗaki ɗaya da 'ya'ya, da samarinmu da suka kasa aure don rashin wurin sa amarya. Tambayarmu ita ce: wa aka gina wa? Idan haya ta kori mai sayar da doya da busasshen kifi, ta kori maɗinki da wanzami, limamin da ya juya bayan sallah wa zai tarar a sahu?

Shawararmu uku ce. Na fari, kowane mai kanti ya ɗauko takardar hayarsa a karanta masa. Dokar 1954 ta ba ɗan kasuwa ikon neman sabunta haya, da diyya in an tashe shi don rushewa, sai fa wanda ya sa hannu ya yafe wannan haƙƙi. Na biyu, in kun ga sanarwa a manne jikin bango, galibi kwana 21 ake bayarwa a kai ƙorafi. Ku kawo ta ga magatakardan ƙungiya da wuri. Na uku, duk wanda ya cancanta ya sa sunansa cikin rajistar masu neman gidan Majalisa da ta masu ƙuri'a.

Iyayenmu sun kafa zango a Nima da Kumasi da haɗin kai. Mu ma nan sai da shi. Allah ya rufa mana asiri, amin.