'Yar jagora a kan keke: aikin da ya wuce riƙe sanda

Mai karatu, da an ce ɗan jagora, abin da ke faɗo maka a rai shi ne yaro riƙe da sandar makaho a bakin titi. To, akwai wani jagorancin da ake samun lambar zinare da shi.

A tseren keke na masu larurar gani, mutum biyu ke hawa keke ɗaya mai sirdi biyu. Mai gani yana gaba, shi ke juya kan keke, ya kama birki, ya sauya giya. Na baya kuwa ya ba shi amanar ransa, su biyun suna tuƙa feda tare.

Dubi Eve McCrystal, 'yar sanda kuma uwar 'ya'ya biyu daga ƙasar Ailan. Ta shafe kusan shekara goma tana jan Katie-George Dunlevy, wadda ciwon ido na gado ya rage wa gani. A gasar Paralympics ta Rio a 2016 sun ci zinare da azurfa. A Tokyo a 2021 sun ci zinare biyu da azurfa ɗaya, suka ƙara azurfa a Paris a 2024. Duk lambar da aka rataya wa ɗaya, an rataya wa ɗayar.

Amanar ba ta tsaya a kan titi ba, ta kai har kantin magani. Ana gwada fitsarin jagora kamar na kowane ɗan wasa, kuma idan aka same shi da laifi, nasarar su biyun ce za ta zube. Tramadol, da matasanmu ke sha don ƙarin ƙarfi, hukumar WADA ta haramta shi a lokacin gasa tun Janairun 2024. Ƙwayar acetazolamide da ake ba masu gilakoma ma sai da izini na musamman. Don haka ɗan wasa ya tambayi mai harhaɗa magani kafin ya sha ko da maganin mura ne.

A nan Abuja muna da zauren tseren keke a filin wasa na Moshood Abiola, wanda aka gina don wasannin Afirka na 2003. Idan akwai mai larurar gani a gidanku, kada a bar shi zaune a ɗaki. Motsa jiki na rage haɗarin hawan jini da ciwon suga. Ka fara da fita yawo da shi da yamma, ka ba shi gwiwar hannunka ya riƙe, kana gaya masa abin da ke gaba.