Belbeji, 12 ga Janairu 1994: Ranar da Jikka Ta Kwana Cikakkiya Ta Tashi Rabi

(KIƊAN GURMI, SANNAN A SASSAUTA)

 Shirin namu na yau baya zai koma da mu, zuwa wata Laraba, 12 ga watan Janairu na shekarar 1994. A Belbeji za mu ya da zango, cikin ƙasar Tarka, yammacin Damargu. Yaron da aka yanke wa cibiya a wannan rana, yau ya ba shekara talatin baya, wataƙila ma da shi ake sauraronmu, ɗansa na kan cinya.

Tsakiyar ɗari ne. Hunturu ya busa, ƙura ta rufe ido, tsofaffi ba sa barin bakin wuta sai hantsi ya dubi ludayi. Watan Rajab na ƙarewa, azumi saura wata guda. Belbeji a lokacin ba ta zama gunduma mai cin gashin kanta ba, wannan sai a 2011. Ƙarƙashin Tanut take, Tanut kuma ƙarƙashin Damagaram. Wayar salula babu ita ko a mafarki. Labari ta hanya biyu yake shigowa gari: ko ta bakin direban motar da ta taso daga Damagaram, ko ta akwatin rediyo. To labarin wannan safiya ta rediyo ya shigo, kuma da yawa daga waɗanda suka ji shi ba su gane kansa ba.

A daren jiya Talata, can birnin Dakar na Senigal, shugabanni da wakilan ƙasashe 14 masu amfani da kuɗin da ke jingine da na Faransa sun fito daga wani zama na kwana biyu. A takarda, maganar kamfanin jiragen sama na Air Afrique ce ta tara su. Amma a zauren akwai Michel Camdessus, shugaban Asusun Ba da Lamuni na Duniya, akwai kuma Michel Roussin, ministan Faransa mai kula da hulɗa da ƙasashen Afirka. Bayan isha'i ministan kuɗi na Kamaru, Antoine Ntsimi, ya karanta sanarwa: daga tsakar dare, faran ɗaya na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma sefa 100. An karya darajar sefa da rabi ke nan. Rabon da a taɓa wannan ma'auni tun 1948, tun kafin a san za a yi wata ƙasa mai tutar kanta da sunan Jamhuriyar Nijar. Shugaba Houphouët-Boigny na Kodibuwa, wanda aka daɗe ana cewa shi ne ya tokare ƙofar, ya rasu ranar 7 ga Disamba. Ko kwana arba'in ba a yi ba aka buɗe ta.

(KIƊA KAƊAN)

Yanzu ku sa kanku a matsayin mutumin Belbeji da ya ji wannan. Ya laluba aljihu, ya fiddo abin da ke ciki. Ga dala, ga dala biyar, ga dala ashirin mai fari, ga takardar dala ɗari, in yana da hali ga jikka guda a ninke cikin ƙyalle. Ba abin da ya canza. Hoton da ke jiki na nan, lambar na nan. Don haka tambayar da ta cika majalisa a ranar mai sauƙi ce: in an ce kuɗi ya karye, ina ya karye?

Amsar tana cikin kanti. Ku leƙa kantin ƙauye na wancan zamani, ku bi kan katako da ido. Kwalin sukari mai iyali. Ganyen shayi ɗan Sin, wanda Buzu zai iya kwana da yunwa amma ba zai kwana babu shi ba. Madarar gwangwani, tumatirin gwangwani, shinkafar da ta ratso teku, batirin rediyo da na cocila. Kusan duk abin da ke wurin daga waje ya zo, kuma da kuɗin waje babban ɗan kasuwa ya saro shi. Dalar Amurka da jiya take kusan sefa 300, yau ta doshi 600. Kayan da aka saro jikka goma, gobe sai da jikka ashirin. A manyan birane wasu masu kantuna rufewa suka yi, suka zauna suna jiran su ga inda kasuwa za ta faɗi. Wasu kuwa kayan da suka saro tun bara suka ɗora wa sabon farashi. Gwamnati ta ce kada a ƙara kuɗin kayan masarufi, amma dokar da aka yi a Yamai, kafin ta iso kwarin Tarka ta gaji.

Sai dai kada mu yi wa mai kantin ƙauye rashin adalci. Da yawansu ba su ƙara ko dala ba a ranar, don mai saye maƙwabci ne, ko suruki, ko wanda sunansa ke cikin littafin bashi. Sai da suka koma Damagaram sari, suka ga kuɗin da suka tara ba ya cika rabin katakon da suka sayar, sannan ido ya raina fata. Tsadar a hankali ta iso Belbeji, mota bayan mota, kuma ta iske mutane a bakin azumi, lokacin da kowane gida ke neman sukari.

Inda abin ya fi ciwo shi ne magani. Mafi yawansa daga Turai ake kawo shi. Takardar da malamin likita ya rubuta wa yaro mai zazzaɓi ta zama abin da uba zai duba, ya ninke, ya sa aljihu, ya nufi wajen mai tallar ƙwayoyi a faranti. Maniyyata aikin hajjin shekarar, wanda ya faɗo a watan Mayu, su ma sun ji a jikinsu, don kujerar jirgi da guzuri ba da sefa ake lissafa su ba. Ma'aikacin gwamnati kuwa, malamin lakwal ko na likita, dama yana bin bashin albashi, ga shi wanda za a ba shi ya rage auki. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar a lokacin bai kai jikka ashirin ba a wata.

(KIƊA)

Amma Damargu ba da kanti kaɗai take rayuwa ba, kuma nan ne labarin Belbeji ya rabu da na Yamai. A nan ma'aunin arziki na farko tiyar hatsi ce, na biyu akuya. Tun zamanin ayari Damargu rumbu ce ga mutanen Abzin: raƙuma su sauko da gishirin Bilma da dabino a lokacin ɗari, su koma da hatsi. Wannan ciniki bai san Dakar ba. Manomin da rumbunsa ke da nauyi a watan Janairu, tuwonsa da furarsa ba su dogara da jirgin ruwa ba. Wanda ya shiga uku shi ne wanda ya riga ya sayar da hatsinsa da kaka, a farashin kaka, yana riƙe da takardun kuɗi.

Sannan ga naira. Gaskiyar magana, kasuwannin wannan yanki sun fi jin motsin Kano fiye da na Faris. Atamfa, takalmin roba, kwanon sha, kananzir, sabulu, mafi yawa daga kudu suke haurowa ta Magarya da Matamaye. Shekara da shekaru sefa na da ƙarfi, naira na zubewa, mai jikka ɗaya in ya tsallaka iyaka sarki ne. A wannan Laraba abin ya juya. Ɗan cin rani da ke aiko naira daga Kano, kuɗinsa ya ƙara kauri in an canza. Dillalan dabbobi daga Najeriya suka ga rago da sa da raƙumin Damargu sun yi musu sauƙi, suka yi ta haurowa, farashin dabba ya ɗaga. Makiyayi, Bafillace ko Buzu, ya ɗan dara. Dariyar ba ta yi tsawo ba, don naira ma ta ci gaba da faɗuwa a kasuwar bayan fage duk da Janar Sani Abacha ya ɗaure ta a 22 kan dalar Amurka ɗaya a wannan watan, kuma abin da makiyayin ya samu a kan rago, shayi da sukari suka karɓe.

Ga wani farashi da zai sa matasa su riƙe baki. A ranar da muke magana, litar man fetur a gidan mai a Najeriya naira 3 ce da kwabo 25. Shi ne man da ake ɗurowa a jarka, a tsallako da shi ta bayan 'yan duwan, a jera shi a kwalabe bakin hanya. Wa zai ce a lokacin wata rana za a gina matatar mai a nan cikin ƙasar Tanut, kan hanyar Damagaram? Sai ga matatar SORAZ a 2011.

(KIƊA KAƊAN)

Sauran labaran ranar fa? A Yamai, Alhaji Mahamane Ousmane, ɗan Damagaram, bai cika wata tara a kan mulki ba, Mahamadou Issoufou ne firaministansa. Ƙawancen da ya kawo su bai ga ƙarshen shekarar ba: a watan Satumba Issoufou ya ajiye aiki, bayan ƙungiyar ƙwadago ta USTN ta sha yajin aiki kan albashi. A arewa kuma tawaye na ci. Sunayen Rhissa Ag Boula da Mano Dayak kullum suna cikin labarai, hanyar Agadas ba a bin ta da kwanciyar hankali, kuma a gari irin Belbeji, inda Bahaushe da Buzu da Dagira da Bafillace ke shan ruwan rijiya ɗaya, wannan ba labarin nesa ba ne. Sulhu sai 24 ga Afrilu 1995.

To da dare fa, me ake yi? Ba a zauna ana kukan sefa ba. Rediyo ita ce sarauniya. Mai ita yakan sa ta cikin riga ta ƙyalle da aka ɗinka mata don ƙura, ya zaro eriya, ya yi ta murza maɓalli a hankali a gajeren zango, kunne manne da ita, har murya ta fito daga cikin shuuu. Muryar Sahel daga Yamai, sashen Hausa na BBC, Muryar Amurka, Muryar Jamus, sai uwa uba Rediyon Kaduna da Zaɓi Sonka, inda mutum zai kwana yana jiran a ambaci sunan garinsu cikin gaisuwa. Batir in ya yi sanyi ba a yar da shi. A shanya shi a rana, a ɗan ƙwanƙwasa, a mayar. Mai kaset kuma ba ya ɓata batir wajen mayar da waƙa baya: ya zura biro a ramin kaset ya yi ta juyawa da hannu, yana hira.

A cikin kaset ɗin akwai Shata, akwai Ɗan Maraya Jos, akwai Sa'adu Bori na Maraɗi, akwai Malam Mamman Barka da gurminsa. In an sa wasan kwaikwayon su Yazi Dogo, wanda ya yi suna daga Damagaram, har mai shayi sai ya bar buta ta ƙone. Kuma lokacin kokawa ne. A dandali yara na kama juna cikin rairayi, wannan ya ce shi ne Kantu na Maraɗi, wancan Salma Ɗan Rani, ɗan gida kuma ba ya yarda sai Langa-Langa na Damagaram. 'Yan mata na gaɗa, kaka na tatsuniya a ɗaki saboda sanyi. Finafinan Kano ba su cika gari ba tukuna. Wanda ya je Damagaram ya shiga silima ya ga na Indiya, shi zai dawo ya ba da labarinsa mako guda, da ƙarin gishiri. Masu son ƙwallo kuwa sunan Rashidi Yekini ke bakinsu, kuma wata uku bayan nan Najeriya ta ɗauko kofin Afirka a Tunisiya.

(KIƊA)

Masana tattalin arziki har gobe suna gardama kan ko karya sefa ta yi amfani. Ƙasashe masu koko da auduga sun ga riba. Mu a nan, kafin shekarar ta ƙare tsadar kaya a Nijar ta haura kashi 30 cikin ɗari, kuma a ganina abin da ya rufa wa Damargu asiri a 1994 ba dabarar kowa ba ce, damina ce Allah Ya kawo mai albarka. Waɗanda suka zauna a Dakar ba su tambayi mai tiya ba, ba su tambayi mai akuya ba.

Iyayenmu da kakanninmu na Belbeji, da Tanut, da Gangara, da Bakin Birji, ku kuka ga wannan rana da idonku. Nawa kuka sayi tiyar hatsi a wannan ɗari? Nawa kwalin sukari ya kai da azumi ya kama? Wanda ke da tsohon littafin bashi na kanti a ƙasan adaka, ya kakkaɓe shi ya aiko mana da abin da ke ciki, ban da sunayen mutane, za mu karanta a shiri na gaba. Sai mun ji daga gare ku.