Saniyar Laka da Riƙon Alƙalami: Daga Ruga Zuwa New Bell

Wanda ya tashi a ruga cikinku, ya tuna shanun laka? Ka ɗebo yumɓu a bakin rafi, ka mulmula, ka ja ƙaho, ka ɗaga tozo, ka shanya a rana. Mu dai wasa muka ɗauke shi, ashe hannu ake horarwa.

Yatsu uku ne ke riƙe alƙalami: babban yatsa, manuni da na tsakiya. Ƙananan tsokokin da ke juya su sai da aiki suke ƙarfi. Yaron da ya saba murza, tsinka da cura, in aka miƙa masa allo da tawada, ko alli a makarantar boko, hannunsa ba ya saurin gajiya. To kai Alhaji, da ka sauke iyali a New Bell ka koma kan hanyar Ngaundere, ɗanka a tsakar gidan siminti yake tashi, yatsa ɗaya kawai yake gogawa a fuskar waya. Yana shekara 6 zai shiga ajin SIL, a ce ya rubuta. In ya jefar da allin yana kuka, kada a yi saurin cewa malalaci ne, balle a kai ga bulala.

Amma don Allah kada a ɗebo masa taɓon kwata. Kun san Duwala da ruwan sama, musamman Yuli da Agusta, lambatu na cika ya haɗu da ƙazanta, kuma garin ya sha fama da kwalara a 2004.

Hajiya, ga na cikin gida: fulawa kofi 2, gishiri kofi 1, man gyaɗa cokali 1, sai ruwa kaɗan-kaɗan har ya daina kama hannu. Shi ne masu Faransanci ke kira pâte à modeler, na kanti ba lallai ba ne. Ki bar shi ya cura da kansa, ko saniyar ta fito da ƙafa uku, kada ki gyara masa. In ya saba, ya murza siriri kamar igiya ya lanƙwasa ba, ko lamba 2.

Gishirin yana da yawa, yana cutar da yaro in ya haɗiye, don haka ɗan ƙasa da shekara 3 sai kina zaune kusa. In an gama, a ƙulle a leda, domin danshin Duwala na sa shi yauƙi. Ranar da ya canja wari, a zubar a kwaɓa sabo.