Harajin Caca A Amurka: Yadda Ake Biyan Haraji A Kan Ribar Da Ba A Samu Ba

Daga ranar 1 ga Janairun 2026, ɗan cacar da ya ci dala 100,000 a Amurka, aka kuma cinye shi dala 100,000 a cikin shekara guda, zai biya haraji duk da cewa ko sisi bai ƙaru da shi ba. Wannan ya biyo bayan wani gyara da aka cusa cikin babbar dokar haraji da kashe kuɗin gwamnati, wadda Shugaba Donald Trump ya sanya wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025.

A dokar Amurka, duk abin da mutum ya ci a caca kuɗin shiga ne, daidai da albashi ko ribar kasuwanci. Hukumar tara haraji ta ƙasar, IRS, ba ta bambance cin da aka yi a gidan caca da na tseren dawaki, ko reful, ko cacar ƙwallo ta wayar salula. Idan ma mota aka ci, sai a ƙiyasta kuɗinta a kasuwa a rubuta. Halasci ko haramcin hanyar samun ba ya shiga lissafi, domin tun 1927 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke cewa kuɗin da aka samu ta haramtacciyar hanya ma ba su kuɓuta daga haraji ba. Da laifin ƙin biyan haraji aka ɗaure shahararren ɗan ta'addar Chicago, Al Capone, a 1931.

Idan cin ya kai wani adadi, gidan caca yakan cika wata takarda mai suna W-2G, ya ba mai cin kwafi, ya aika wa IRS kwafi. A na'urorin caca, adadin ya tsaya a dala 1,200 tun 1977, sai a 2026 aka ɗaga shi zuwa dala 2,000. A wasu nau'o'in kuma, kamar reful, idan cin ya haura dala 5,000 akan zare kashi 24 cikin 100 tun kafin kuɗin su shiga hannun mai su. Kuskuren da jama'a suka fi yi shi ne ɗaukar cewa cin da bai kai a cika masa takarda ba, babu haraji a kansa. Dokar ba ta ce haka ba. Ko dala 50 ce, wajibi ne a bayyana ta.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen asara. Ba a yarda mutum ya tara cin shekara, ya ɗebe asarar shekara, ya rubuta abin da ya rage ba. Ci yana da gurbinsa a takardar haraji, asara tana da nata, kuma hanyar isa gurbin asarar ƙunci gare ta. Mai biyan haraji a Amurka yana da zaɓi biyu: ko ya karɓi rangwamen bai-ɗaya da ake yi wa kowa, wanda ya kai dala 15,750 ga mutum ɗaya a shekarar 2025, ko kuma ya lissafa kashe-kashensa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya bi hanya ta biyu ne kaɗai ke iya cire asarar caca. Kusan mutum tara cikin goma kuwa hanyar farko suke bi, don ta fi musu riba. Ke nan ma'aikacin da ya ci dala 3,000 a cacar ƙwallo, aka kuma cinye shi dala 4,000, yawanci zai biya haraji a kan dala 3,000 ɗin cif, ba tare da an duba cewa ya tashi da giɓi ba.

Ko wanda ya lissafa ɗin ma, asarar da zai cire ba za ta wuce abin da ya ci ba. Ragowar ba ta rage harajin albashinsa, ba a kuma ɗage ta zuwa baɗi. Sannan dole ya kawo hujja: littafin da yake rubuta ranar wasa, da nau'insa, da sunan wurin, da abin da ya ci ko ya rasa, haɗe da tikiti da rasit da bayanan banki.

A kan wannan tsari ne sabon gyaran ya ƙara nauyi. A da, akan cire asarar gaba ɗaya muddin ba ta zarce cin ba. Yanzu kashi 90 cikin 100 nata kawai ake cirewa. Mutumin nan da ya ci dala 100,000 ya rasa dala 100,000 zai cire dala 90,000, a ɗora masa haraji a kan dala 10,000 da ba ta taɓa zama a aljihunsa ba. Abin ya fi shafar waɗanda suka mayar da caca sana'a, musamman 'yan gasar karta, domin sukan juya miliyoyi a shekara ribarsu kuwa 'yar kaɗan ce. Kashi goman da aka hana cirewa na iya cinye ribar dungurungum. 'Yar majalisar wakilai daga jihar Nevada, Dina Titus, wadda mazaɓarta ta haɗa da birnin Las Vegas, ta gabatar da ƙudurin mayar da tsohon tsari 'yan kwanaki bayan sanya hannu a dokar.

Batun ya ƙara girma ne saboda yawan masu caca. Tun da Kotun Ƙoli ta soke dokar tarayya da ta hana cacar wasanni a watan Mayun 2018, fiye da jihohi 30 sun halatta ta, kuma kamfanonin da ke gudanar da ita ta waya suna riƙe da bayanin kowane kuɗi da aka zuba. Ɓoye ci ya zama abu mai wuya.

Baƙon da ba mazaunin Amurka ba, hukuncinsa ya fi tsauri. Akan zare kashi 30 cikin 100 na cin nan take, kuma galibi ba a ba shi damar cire asara. 'Yan wasu ƙasashe, irin su Birtaniya, sun tsira daga wannan saboda yarjejeniyar haraji da ke tsakaninsu da Amurka. Najeriya ba ta da irin wannan yarjejeniya, don haka ɗan Najeriyar da ya kai ziyara ya ci dala 10,000 a na'urar caca, dala 7,000 zai karɓa.

A nan gida, inda addini ya haramta caca ga mafi yawan masu jin Hausa, jihohi irin su Kano ma suka rufe shagunanta, gwamnatin tarayya ta sanya nata kason. Ƙa'idojin cire haraji daga tushe na 2024 sun tanadi a zare kashi 5 cikin 100 daga abin da mazaunin ƙasa ya ci a caca ko reful ko gasar talabijin, kashi 15 kuma daga na wanda ba mazauni ba. A watan Nuwamban 2024 kuma Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke cewa ikon tsara harkar caca na jihohi ne, in ban da Babban Birnin Tarayya.